Filin Tambaya da Amsa: Ɗaukar Ma'aikata da Yadda Ake Riƙe Su

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun fi karkata ga batun ma'aikata, saboda haka muka zaɓi guda huɗu daga masu kamfanoni da manajoji. Kamar yadda aka saba, mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kamfanin da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhajojin lissafi, kuma ma'aikatana sun kai 40. Damuwata ita ce, sai na ɗauki matashi na horar da shi har ya ƙware, da zarar ya fara amfanar kamfani sai ya kawo mini takardar ajiye aiki. Bara na yi wa kowa ƙarin albashi, amma hakan bai hana mutum 6 tafiya ba. Shin yaran yanzu ne ba su da haƙuri, ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari mu fara da wanke yaran yanzu, domin kukan da kake yi ya girmi kakanninsu. A shekarar 1913, masana'antar motoci ta Henry Ford da ke Amurka sai da ta ɗauki mutum kimanin 52,000 a cikin shekara guda domin kawai ta cike guraben ma'aikata kusan 14,000, saboda ana ɗauka suna ficewa. A watan Janairun 1914 Ford ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya kuma rage sa'o'in aiki daga 9 zuwa 8, kuma kafin a cika shekara biyu ficewar ta ragu ƙwarai da gaske. Abin lura a nan shi ne, Ford bai yi ƙarin da shi yake gani mai tsoka ba, ya biya abin da ya zarce na sauran masana'antu nesa ba kusa ba. Don haka tambayar farko da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, ko ƙarin da ka yi bara ya kai abin da wasu kamfanoni ke biyan mai irin ƙwarewar da ka koyar. Matashin da ka ɗauka bai iya komai ba, da shi wannan matashin bayan ya shekara biyu yana rubuta manhaja, darajarsu a idon masu neman ma'aikata ba ɗaya ba ce, ko da kuwa kai har yanzu yaron da ka koya wa aiki kake gani.

Idan ka bincika ka tarar albashinka bai gaza na takwarorinka ba, to sai a duba wani wurin. A shekarar 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Frederick Herzberg da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200, inda suka nemi kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi ƙosawa da shi. Sun lura cewa abubuwan da ke sa mutum ƙorafi, irin su albashi da dokokin kamfani da mu'amalar shugaba, daban suke da abubuwan da ke sa shi zage damtse, irin su kammala aiki mai wuya, da yabo, da ɗora masa nauyi, da ganin yana ci gaba. Masana sun yi ta sukar hanyar da aka bi wajen wannan bincike, kuma sukar tana da hujja, amma duk wanda ya taɓa shugabantar mutane ya san akwai gaskiya a ciki: gyara albashi yana kashe ƙorafi, amma ba shi kaɗai ke sa mutum ya so zama ba.

Akwai kuma abin da na fi zargi a irin kamfaninka, wato yadda albashin ke rabuwa tsakanin tsoho da sabo. Idan ƙwararre ya tafi, sai gaggawa ta sa a ɗauko wani daga waje a kan albashin da ya fi na waɗanda suka daɗe, sannan a ce wa waɗanda suka daɗe su nuna masa yadda ake aikin. Masu kamfani suna zaton wannan sirri ne, alhali ba a yin wata guda kowa ya ji. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa ma'aikatan da suka gano albashinsu yana ƙasa da matsakaicin na abokan aikinsu sun rage jin daɗin aikin, sun kuma fi nuna niyyar neman wani, yayin da waɗanda suka gano nasu yana sama ba su ƙara wani farin ciki ba. Haka kuma Matthew Bidwell na Jami'ar Pennsylvania ya bi diddigin ma'aikatan wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi, ya wallafa a 2011 cewa waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyansu kimanin kashi 18 cikin 100 fiye da waɗanda aka yi wa ƙarin girma daga ciki zuwa irin wannan muƙami, amma a shekaru biyun farko aikinsu bai kai na 'yan cikin ba, kuma sun fi saurin barin wurin. Ƙarin albashi na bai ɗaya, irin wanda ka yi, ba ya gyara wannan giɓi, domin kowa ya ɗaga ne tare da giɓin.

Sai batun shugabannin sassa. Ka ɗauki sunayen mutum shidan nan ka duba a ƙarƙashin wa kowannensu yake aiki. Idan huɗu daga cikinsu sun fito daga hannun mutum ɗaya, to ka sami bakin zaren. Kamfanoni da dama suna saka wa wanda ya fi kowa iya aiki ta hanyar naɗa shi manaja, ba tare da an duba ko ya iya raba aiki, da sauraron na ƙasa, da gyara kuskure ba tare da cin fuska ba. Sai a yi asara biyu, a rasa gwanin aiki a kuma sami shugaban da mutane ke gudu. Mafita ita ce a buɗe hanyar ci gaba guda biyu, ta yadda gwani zai iya samun ƙarin girma da ƙarin albashi a kan gwanintarsa ba sai an ɗora masa mutane ba, sannan wanda za a ba shugabanci a horar da shi a kan shugabancin.

Abin da na fi gani yana faruwa kuwa shi ne, sai ma'aikaci ya shigo ofis da takardarsa a ninke, ya ajiye a kan tebur, sannan mai kamfani ya rufe ƙofa ya ce masa ya faɗi nawa yake so. Kuɗin da aka ce babu watanni shida da suka wuce sai ga shi ya samu a cikin minti goma. Ko ya amince ya zauna, shi da abokan aikinsa sun fahimci cewa takardar ajiye aiki ce hanyar samun ƙari a wannan wuri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa zama da kowane ƙwararren ma'aikaci sau biyu a shekara, a lokacin da babu wata rigima, ka tambaye shi abin da yake so ya koya, da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a aikin, da abin da zai iya sa shi ya amsa kiran wani kamfani, sannan ka cika ko da abu ɗaya ne daga cikin abin da ya faɗa. Game da sa ma'aikaci ya rattaba hannu cewa zai biya kuɗin horo idan ya tafi da wuri, wannan yana da ma'ana ne kawai idan horo ne mai tsada da aka biya wa wata cibiya, wa'adin kuma gajere ne, dokar aikin ƙasar kuma ta amince. Wasu za su tafi komai ka yi, kuma ya kamata a rabu da su cikin mutunci, domin a cikinsu akwai masu dawowa da ƙarin ƙwarewa, akwai kuma masu turo maka wasu.

Tambaya: Malam, ni jami'a ce a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin rarraba kaya. Duk gurbin da muka tallata sai mu sami takardu ɗaruruwa, kuma sau da yawa wanda ya fi burge mu a intabiyu shi ne yake ba mu kunya bayan ya kama aiki. Yanzu shugabanmu yana so mu sayi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa tace mana takardun. Me kake gani?

Amsa: Hajiya, matsalolinki biyu ne, kuma ta intabiyun ta fi sauƙin gyara. Intabiyun da aka saba yi hira ce kawai: a ce wa mutum ya ba da tarihin kansa, kowane ɗan kwamiti ya jefo tambayar da ta zo masa, a ƙarshe a zaɓi wanda hankali ya fi kwanciya da shi. Irin wannan zama yana auna iya magana da kwarjini, kuma sau da yawa yana auna yadda mai neman aikin ya yi kama da masu tambayar. A shekarar 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, kuma daga cikin abin da ya fito fili akwai cewa intabiyun da aka tsara ta fi ta kara zube hasashen yadda mutum zai yi aiki, cewa gwajin aikin kansa yana cikin hanyoyi mafiya inganci, sannan yawan shekarun karatu ko na aiki kaɗai ba ya nuna abu mai yawa. Da wasu masana suka sake bitar alƙaluman a 2022, intabiyun da aka tsara ita ce ta zo a sahun gaba.

Tsara intabiyu ba wani abu mai tsada ba ne. Kafin a tallata gurbi, a zauna da wanda zai shugabanci sabon ma'aikacin a rubuta abubuwa huɗu ko biyar da dole mai wannan aiki ya iya. A kan kowanne a shirya tambaya guda, a yi wa kowa tambayoyin nan a jere iri ɗaya, kuma kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a fara tattaunawa, domin idan babba ya riga ya furta ra'ayinsa da wuya na ƙasa su saɓa masa. Tambayoyin su nemi abin da mutum ya taɓa yi a zahiri. Maimakon a tambaye shi ko yana iya aiki cikin matsi, wanda babu mai cewa a'a, a ce ya ba da labarin ranar da kaya suka makara kwastoma kuma yana jira, me ya yi, wa ya kira, yaya aka ƙare.

Bayan haka sai gwaji. Idan mai kula da sito kuke nema, ku ba shi takardar kayan da suka shigo da ta waɗanda suka fita, ku ɓoye kurakurai uku a ciki, ku ba shi rabin sa'a. Za ki ga wanda ya cika ɗakin da zance yana jujjuya takarda, wata kuma da ta yi ta sunkuyar da kai a intabiyu ta zagaye kurakuran uku da biro, har ta ƙara da na huɗu da ku kanku ba ku lura da shi ba. Sai dai gwajin ya zama gajere, kada ya koma hanyar sa masu neman aiki su yi wa kamfani aiki kyauta. Kuma ku faɗa wa mutum gaskiyar aikin tun kafin ya karɓa: idan akwai aikin dare ko na ƙarshen mako, ko watannin da aiki ke yin yawa, ya ji daga bakinku, domin da yawa daga cikin masu gudu a watannin farko abin da suka tarar ne ya saɓa da abin da aka faɗa musu.

Game da manhajar kuwa, ba na cewa kada a saya, amma a san abin da ake saya. Irin wannan manhaja tana koyo ne daga zaɓen da mutane suka yi a baya, kuma zaɓen mutane ba ya rasa son rai. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2004 ya aika wa masu tallata aiki takardun neman aiki kusan 5,000 na ƙirƙira, sai aka ga masu ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun sami kira da kashi 50 cikin 100 fiye da masu sunayen baƙaƙen fata, alhali cancantar iri ɗaya ce. A 2018 kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardu da ya gina, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, saboda ta yi koyo ne daga takardun shekara goma waɗanda galibinsu na maza ne. Don haka idan za ku yi amfani da ita, ku taƙaita ta ga tantance sharuɗɗan da ba su da ja, kamar lasisin tuƙi ko takardar shaidar sana'a, kuma lokaci-lokaci ki ɗebo wasu daga cikin takardun da ta watsar ki karanta da idonki.

Tambaya: Malam, ni manajan sashen tallace-tallace ne. Mun ƙayyade wa kowane ma'aikaci adadin cinikin da zai kawo a wata, wanda ya zarce ya sami kamasho mai kauri, wanda ya gaza sau uku a sallame shi. Ciniki ya ƙaru, amma ƙorafin kwastomomi ya yi yawa, kuma ma'aikatan sun daina taimakon juna.

Amsa: Malam, tsarinku ya yi aiki, domin abin da kuka biya shi kuka samu. Kun ce adadi kuke so, kun haɗa da barazanar kora, ma'aikata kuma sun kawo adadin ta kowace hanya. Mafi munin misalin wannan shi ne abin da ya faru a bankin Wells Fargo na Amurka, inda matsin lambar cika adadi ya sa ma'aikata suka buɗe asusu kusan miliyan 2 da sunan kwastomomi ba tare da saninsu ba. A watan Satumban 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa an kori ma'aikata kimanin 5,300 a kan lamarin. Da wuya a ce mutum dubu biyar duk maha'inta ne tun asali, tsarin ne ya tura su.

Kamasho ba laifi ba ne, kuma a aikin da ake iya ƙirga sakamakonsa yana ƙara himma. Gyaran da nake ba da shawara shi ne a daina biyan kamasho a kan cinikin da kwastoma ya soke ko ya dawo da kayan a cikin wani wa'adi, a ɗaura wani kaso na ladan a kan abin da sashen gaba ɗaya ya samu domin taimakon abokin aiki ya daina zama asara, sannan a raba batun kora da adadin wata-wata. Wanda ya gaza sau uku, a fara fita da shi wurin kwastoma a ga inda yake tuntuɓe. A kuma tuna da abin da Edward Deci ya gano tun 1971, lokacin da ya biya wasu ɗalibai kuɗi a kan warware wani wasan wasa ƙwaƙwalwa da suke yi don sha'awa, sai ya ga bayan an janye kuɗin sha'awarsu ta ragu. Daga nan shi da Richard Ryan suka gina ra'ayin cewa himma mai ɗorewa tana buƙatar mutum ya ji yana da ta cewa a aikinsa, yana ƙwarewa, kuma yana da alaƙa mai kyau da abokan aikinsa. Tsarinku na yanzu ya taɓa na farko da na ukun.

Tambaya: Malam, matasan ofishinmu suna neman a bar su su riƙa aiki daga gida kwana biyu a mako, ni kuma a matsayina na shugabar ofis ina tsoron za su kwanta ne kawai. Ko akwai hujja a kan wannan?

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma daga gwaji na gaske ta fito. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke ƙasar Sin, inda aka raba masu amsa kiran waya kimanin 250 gida biyu, wasu suka yi wata tara suna aiki daga gida kwana huɗu a mako. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna aikin 'yan gidan ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, barin aiki a cikinsu kuma ya ragu da rabi. Amma akwai ɓangaren da ba a cika ambata ba: ƙarin girmansu ya ja baya idan aka kwatanta da ƙoƙarinsu, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu sun koma ofis, da yawa saboda kaɗaici. A 2024 aka wallafa wani gwajin a wannan kamfani, wanda yanzu ake kira Trip.com, a kan ma'aikata 1,612 masu digiri, aka bar wasu su yi aiki daga gida ranakun Laraba da Juma'a. Barin aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman a tsakanin mata da masu zuwa daga nesa, kuma ba a ga bambanci a ingancin aiki ko ƙarin girma ba.

Kwana biyun da suke nema ke nan ya yi daidai da abin da aka gwada, muddin aikin nasu irin wanda ake yi a kwamfuta ne kuma suna da wuta da intanet da za su dogara da su. Ki gwada na wata uku, ki ƙayyade ranakun da kowa zai hallara a ofis tare, ki bar sababbin ɗauka a ofis har su san aikin da mutanen, kuma ki rubuta wa kowa abin da ake jira daga gare shi a mako da ranar da zai miƙa. Wanda zai kwanta a gida, dama can yana kwance a kan kujerarsa ta ofis, zuwa da wuri ne kawai ke rufa masa asiri. Ki kuma lura da waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa daga gida, kamar masu karɓar baƙi da direbobi, a sama musu wani sassaucin, misali zaɓen lokacin shiga da tashi, domin kada a ce an fifita wasu. Sannan ki sa iyaka ga saƙonnin dare, tunda aiki daga gida yana saurin komawa aiki ba tashi. A Faransa, tun farkon 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan lokutan da ba dole ba ne su amsa saƙon aiki, kuma ofishinku zai iya rubuta irin wannan ƙa'ida da kansa tun kafin a fara gwajin.